Zaren Kundin Baffa

Baffa ya tafi ran Talata da la'asar,
ya bar mana rumfa ɗaya a Tudun Hatsi,
da mudu mai lotsattsen baki,
da kundi.

Kundin nan sai an sa hannu biyu.
Shekara talatin da ɗaya ta bashin hatsi:
wa ya ɗauki gero, wa ya ɗauki maiwa,
wa ya ce sai kaka, kakar ta wuce bai ɓullo ba.
Ba babi, ba lamba, ba kan magana,
rana na bin rana kamar shanu a burtali.
Shi Baffa ba ya lalube. Yatsa zai lasa,
ya buɗe daidai wurin, kamar jiya ya rufe.

Bayan addu'ar bakwai aka fara sallama.
Adda Yelwa ta zo daga Kwami,
tana son sanin abin da ke wuyanta.
Na buɗe, na juya, na koma, na sake,
har azahar ta yi, motar garinsu ta cika ta tashi.
Ta gyara mayafi ta ce, "Barkindo,
rijiya ta bayar, guga ya hana."

Maganar ta kwana tana cizo na.
Na roƙi ragowar zare wurin Dija mai ɗinki,
na jiƙa ƙaro a murfin gwangwani.
Ja na mutanen Deba,
kore na Kwami,
shuɗi na Dukku da rugagen bayanta.
Da na zo kan Kumo zare ya ƙare,
na warware igiyar buhu na cike.
Kowanne na manna shi a gefen takarda,
jela a waje,
kamar ɓeran da bai gama shiga rami ba.
Sati uku. Kundin Baffa ya yi gemu.

A bangon farko na jera garuruwa,
kowanne da launinsa da lambobinsa.
A gindin kowane shafi, da ƙaramin rubutu,
na sa: koma farko,
don wanda ya ɓata ya san inda ƙofa take.

Adda Yelwa ta dawo. Muka ja kore:
buhu ɗaya da tiya shida.
Ta kwance bakin zane ta ƙirga,
kunun da na saya mata bai ko huce ba.
Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Sai ran Juma'a ga Jauro Manu,
da sandarsa, da tarinsa.
Na kai hannu kan shuɗi, ya riƙe ni.
"Ɗaga, yaro. Ba sauri ya kawo ni ba."
Ya ce in fara daga farko, in karanto da ƙarfi.
Ina kiran suna, yana amsawa:
"Allah jiƙan Sambo."
"Kai, ashe Ɗanladi ma ya ci bashi,
da duk cika bakinsa?"
Ya yi dariya har ya share ido da hula.
Rana ta karkata, masu dako sun watse,
muna tafe a ƙasa, gida gida.

Can muka iso wani shafi tsirara,
ba ja, ba kore, don ba wanda ake bi a ciki.
Sau uku na tsallake shi ina manna zare.
Ya ce, "Wannan fa?"
Na karanta:
Alhamis, an yi ruwa da asuba.
An haifa mini ɗa.
Duk wanda ya zo yau, na yafe masa tiya guda.

Jauro ya ce, "Ina cikinsu.
Dawa ce. Ja."

Ban cire zare ko ɗaya ba;
mutanen kasuwa mota na jiransu.
Amma shafin nan ban sa masa launi ba,
ban rubuta shi a bangon farko ba.
Har yau in na rufe rumfa,
nakan lashi yatsa,
in taka zuwa can da ƙafata.